Kuskuren Sista Hilda a Katin Ɗan Fanta

Duk wanda ya bi ta unguwar Manawashi a Gombe ranar Talata ko Alhamis da hantsi, da wuya bai ci karo da wata gajeriyar mace mai jiki ba, sanye da fararen kaya, jaka a kafaɗa, sikeli yana reto a hannunta kamar mai yawon sayen kaji. Sista Hilda Nehemiah ke nan. Kafin ka gan ta ma ka ji ta, domin gaisuwarta tun daga bakin layi take farawa. Ta gaida mai shago, ta tambayi tela ko yau ce goben da ya yi wa mutane alkawari, ta ce wa mai nama kitsen da yake sayarwa shi ke kawo mata masu hawan jini, don haka ta gode da ciniki.

'Yar Kaltungo ce, 'yar ƙabilar Tangale. Mahaifinta malamin firamare ne, ya so ta gaje shi, ita kuwa ta ce ba za ta iya aikin da ake hana mutane amsa mata magana ba. Ta yi karatun nas, ta auri Matiyu mai gyaran janareto, suka zauna a unguwar Arawa, suka haifi huɗu. Matiyu mutum ne da zai iya wuni da kalma goma, har a sami ragowa. Yakan ce tun da ya yi aure bai ƙara sayen batirin rediyo ba.

A shekararta ta farko a ƙaramin asibitin unguwa aka koya mata wani darasi da bai bar ta ba. Wata yarinya Bafulatana ta kawo jariri riga-kafi, Hilda ta tambayi sunansa, yarinya ta sunkuyar da kai. Ta sake tambaya, shiru. A karo na uku ta ɗaga murya, ta ce ita dai ba ta taɓa ganin uwar da ba ta san sunan ɗanta ba, ko sato shi aka yi? Matan da ke kan benci suka kwashe da dariya har da masu tafawa. Babbar nas ta ja ta gefe ta ce mata ɗan fari ne. Uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta goya shi ta ratsa gari. Kaka ce ke ɗawainiya da shi, uwar kuwa sai a ɗaki. Hilda ta ji kunyar da ta fi ta yarinyar. Daga ranar ta zama gwana a kan wannan al'ada, har ita ke koya wa sabbin ma'aikata, tana kwaikwayon muryarta ta wancan lokaci ana dariya.

Da aka shiga shekarun gudun hijira, mutanen Borno da Yobe da Adamawa suka yi ta kwararowa Gombe. Yawancinsu ba su zauna a sansani ba, sun bazu cikin unguwanni, wannan a ɗakin soro, wancan a kangon da ba a gama rufawa ba. Matansu ba sa zuwa asibiti. Wata ba ta san hanya ba, wata ba ta jin Hausa, wata tana tsoron a tambaye ta takardar da ta ƙone tare da gidansu. Sai asibiti ya ce to, a bi su gida, aka kuma rasa wanda ya fi Hilda iya shiga gidan da ba a gayyace shi ba. Aikin ke nan har yau: ta auna jarirai, ta gwada jinin iyaye, ta raba maganin ƙarin jini, ta tuna wa kowa ranar riga-kafi. Sikelin nata ta rataye shi a reshen darbejiya, ta rataye shi a ƙusar bango, akwai ranar da ta sa wani maigida ya riƙe shi sama da hannu har sai da ta auna tagwayensa.

A irin wannan yawo ta san Fanta.

Fanta da mijinta Bakari Fulani ne daga wani ƙauye a can kudancin Borno. Sun yi zama biyu a hanya kafin su iso Gombe, inda wata tsohuwa mai sayar da daddawa, Inna Delu, mutuniyar Katsina, ta ba su ɗakin da ke kusa da zaurenta. Bakari yana dako a kasuwar hatsi, ya fita bayan asuba, sai magariba. Fanta ta zo da ƙaramin ciki, ta haihu a gida, Inna Delu ce ta yanke cibi. Hilda ba ta ji labari ba sai kwana uku bayan suna.

Yaro ne, Saifullahi. Ta saka shi a ɗan wandon sikeli, ya tsala ihu, allura ta tsaya a kilo uku da ɗigo ɗaya. Ba laifi. Ta zauna a kan turmi ta zaro sabon kati, ta fara cikewa. Da ta zo layin da ake rubuta yawan haihuwa, ta tambayi mai jego ko wannan ta nawa ce. Fanta ta juya fuskarta ga bango.

"Haba Sista," in ji Inna Delu, "ke da kika san komai? Tun da aka haife shi ko kallonsa ba ta yi a gabana ba. 'Yar mutunci ce, an yi mata tarbiyya."

Hilda ta yi dariya, ta ce ai ita ce shugabar masu sanin wannan a duk faɗin Gombe. Ta rubuta ɗaya, ta wuce layi na gaba.

Bayan mako biyu allura ba ta motsa ba. Alhali jariri a irin wannan lokaci hawa yake, kowane mako da ɗan abin da zai ƙara. Bayan wani makon ta sauka zuwa uku cif. A mako na shida ta nuna biyu da ɗigo tara. Fatar cinyarsa ta fara yin laushi kamar rigar da ta yi wa mai ita yawa, kukansa ya zama siriri. Hilda ta duba bakinsa, ta duba harshe, ta gwada zafin jiki, ta saurari ƙirji, babu komai. Ta duba nonon uwar, lafiya lau, sai dai ruwan ba yawa. Ta san inda irin wannan hanya take kai jariri, ta raka da yawa, ba ta kuma son ta raka wannan.

Da ta matsa da tambaya sai ta gano yadda gidan yake tafiya. Inna Delu, ganin yarinya ba uwa ba suruka a kusa, ta ɗauki matsayin kaka da gaske. Ta kwashe yaro zuwa ɗakinta don ta rage wa Fanta nauyin kunya. Sau uku ko huɗu a yini take kawo shi ya sha nono, tsakani kuwa ruwan ɗumi da ɗan sukari a cokali. Tana kiransa angonta, tana yi masa rawa a cinya, matan layi suna shigowa suna yaba kunyar Fanta, wasu har suna cewa 'ya'yansu su zo su ga yadda ake yi.

Hilda ta ga ta kama mai laifi. Ranar wata Alhamis ta tsaya a tsakar gida ta zuba wa tsohuwa karatun nono zalla, wata shida ba ruwa ba komai, da hujja da misali, kamar mai wa'azi a kasuwa. Inna Delu ta bari ta kai aya, sannan ta ce ita tara ta raina da ruwan nan, ga su can duk suna cin tuwo, ɗaya ma soja ne.

"Tara kika raina, Inna. Nawa kika haifa?"

Maganar ta riga hankalin Hilda fita, kamar yadda ta saba. Tsohuwa ta dube ta, ta dubi ƙasa, ta ce goma sha uku. Sannan ta ɗauki cokalinta, ko don ta nuna ba a isa da ita ba, ko don hannunta ya sami abin yi, ta ɗura wa yaro ruwa.

Ya ƙware. Ya buɗe baki ba sauti, fuskarsa ta canza, ruwa ya biyo ta hanci. Hilda ta yar da jaka ta nufo shi, amma an riga ta. Fanta, wadda ke zaune a bakin ƙofa tana kallon bango kamar kullum, ta fizge shi daga cinyar tsohuwa, ta kifa shi a kan damtsenta kansa ƙasa, ta buga bayansa sau uku da tafin hannu, ta juyo shi, ta sa bakinta a hancinsa ta zuƙe, ta tofar. Yaro ya fashe da kuka. Ta ɗora shi a kafaɗa tana jijjigawa, tana wani ɗan sauti a maƙogwaro. Can sai ta farga ana kallonta. Ta miƙa wa Inna Delu shi da sauri kamar ta ɗauki garwashi, ta shige ɗaki.

Hilda ta tsaya da hannuwanta a miƙe. Ita ma uwa ce, ta tuna yadda ta yi da ɗanta na fari ranar da ya ƙware: ihu ta yi ta kira maƙwabta, da takardar nas ɗinta da komai. Hannun da ta gani yanzu ba na sabon shiga ba ne. Hannu ne da ya saba. Tambayar da ta jefi tsohuwa da ita ɗazu, ashe akwai wadda ya kamata ta yi wa tun makonni biyar da suka wuce, ta kuma tsaya ta ji amsa daga bakin mai ita.

Ta ce wa Inna Delu ta yi mata haƙuri, za ta dawo kanta. Ta cire takalmi ta shiga ɗakin Fanta, ta saki labule, ta zauna a tabarma. Ta yi shiru. In da za a gaya wa Matiyu tsawon shirun nan, da sai ya nemi shaidu. Fulatancin Hilda na sayen nono ne, Hausar Fanta ta gaisuwa ce da ɗan abin da ya ɗara, amma suka haɗa.

"Fanta, ƙanwata. Wannan ba shi ne na fari ba, ko?"

Fanta ta daɗe tana murza gefen zaninta. Sannan ta ɗaga yatsu biyu.

A hankali labarin ya fito, guntu-guntu. Ɗan farin namiji ne, shekara ɗaya da wata takwas. Surukarta ce ke goyonsa kamar yadda aka saba, ita kuwa sai sun shiga ɗaki take ɗaukarsa ta yi masa duk abin da ranta yake so. Ranar da suka gudu yana bayan kakarsa, ita tana ɗauke da kaya. Kwana uku suna tafiya a ƙasa. Gudawa ta kama shi a rana ta biyu, ba ruwan kirki, ba inda za a tsaya. Tana tafe a bayan surukar tana kallon kansa yana lilo, dangin miji gaba da baya, ba ta iya cewa a ba ta shi ba. A rana ta uku da aka kwance goyon ya riga ya tafi. Aka binne shi a gindin wata bishiya a gefen hanya, ba ta san sunan wurin ba. Ba ta yi kuka ba, don ba a yi a gaban surukai. Kakar ma ba ta kai ƙarshen shekarar ba.

"Bai taɓa jin sunansa a bakina ba," in ji Fanta. "Ko sau ɗaya."

Ta ce da aka haifi wannan, duk lokacin da ta dube shi sai ƙirjinta ya toshe. Gani take in ta saba da shi za a karɓe shi. Da Inna Delu ta ɗauke shi sai ta ji sauƙi, ta kuma ji kamar ta yi sata. Mata suna shigowa suna yabonta, ita kuwa abinci ba ya wuce mata, barci ba ya zuwa. Bakari ya sani, amma tun ranar bishiyar nan ba su taɓa ta da maganar ba.

Hilda tana da jawabai iri-iri a ajiye, na haƙuri, na tawakkali, na Kirista da na Musulmi, duk ta iya. Ba ta ciro ko ɗaya ba. Ta matsa kusa, ta kama hannun Fanta ta riƙe. Sunan yaron ma ba ta tambaya ba, ba nata ba ne. Da kukan ya zo, wanda aka riƙe kusan shekara biyu, ta bar shi ya yi iyakar tsawonsa, ragowar gidajen ranar suka jira.

Daga baya ta zaro katin. Ta nuna wa Fanta inda ta rubuta ɗaya, ta ce wannan kuskurenta ne, ba na kowa ba. Ta soke shi, ta rubuta biyu, a layin masu rai ta rubuta ɗaya. Fanta ba ta iya karatu ba, amma ta sa yatsa a kan biyun nan ta daɗe ba ta ɗauke ba. Tun daga ranar Hilda ba ta ƙara yin wannan tambaya a tsakar gida ba. Sai ta kori kowa, har kakanni masu rantsuwa sun san amsa.

Saura tsohuwa. Hilda ta fito ta durƙusa a gabanta har ƙasa, abin da gwiwoyinta ba su gode mata ba, ta ce bakinta ya yi mata laifi. Inna Delu ta ce ai bakin nan ba yau ya fara ba, duk Manawashi an san shi. Da izinin Fanta aka gaya mata abin da ke nan. Tsohuwa ta yi salati a hankali, ta rufe fuska da gefen mayafi. Da ta buɗe sai ta ce ita huɗun nan nata duk ta san inda suke kwance, ta kuma yi musu kuka har ta gaji. Ta ce ita da take ganin gata take yi wa yarinya.

Suka tsara aiki su uku. Yaro ya koma ɗakin uwarsa, Inna Delu kuma ta kwaso tabarmarta ta biyo shi, don kada a bar Fanta ita kaɗai da tsoronta. An karɓe cokali daga hannun tsohuwa, an ba ta ludayi: aikinta yanzu ta ciyar da uwar, kunun gyaɗa, tuwo da miyar zogale, ta kuma tsaya a kanta har ta cinye. Yaro zai kwanta a ƙirjin uwarsa, fata da fata, a rufe su da zani, a ba shi nono duk bayan awa biyu ko bai nema ba. Hilda ta faɗa musu gaskiya: in mako ya zagayo bai ƙaru ba, gado za a ba su a babban asibiti. Ita Fanta kuma, ko ya ƙaru ko bai ƙaru ba, sai ta ga likita, domin ciwon da ke ƙirjinta ciwo ne kamar kowane ciwo, akwai masu duba shi.

Washegari ta bi Bakari har kasuwar hatsi, ta same shi fari fat da ƙurar masara. Dogo ne, mai magana ƙasa-ƙasa. Ya saurare ta yana kallon ƙafarsa. Ya ce shi gani ya yi in an yi shiru zai fi saurin wucewa, kuma ba wanda ya taɓa tambayarsa. Ya amince da zuwa wurin likita. Da za ta tafi ya ce, "Sista, yana da wayo. Ya fara kiran shanu." Ta gane ba Saifullahi yake nufi ba.

Abin bai zo da sauƙi ba. Kwana ukun farko Fanta kuka take yi, yaro a ƙirji, tana kallon rufin ɗaki. Inna Delu ta tare Hilda a zaure ta ce ta buɗe abin da ba ta iya rufewa ba. Hilda ba ta fasa zuwa ba. Kullum sai ta zo, har ranakun da ba nata ba, ta haɗa da lokacin cin abincinta, har Matiyu ya lura siket ɗinta ya fara juyawa. Ranar Litinin allura tana nan a biyu da ɗigo tara. Hilda ta rubuta takardar gado ta saka a jaka, ba ta nuna wa kowa ba. Ranar Alhamis ta rataya sikeli a darbejiya, ta daki gefensa sau biyu don kada ya yi mata ƙarya. Uku da ɗigo ɗaya. Ta sauke yaron ta sake ɗorawa. Uku da ɗigo ɗaya. Ta ce masa shi dai ɗan rainin hankali ne, ya sa mace mai jikoki tana yawo a rana. Mako na gaba ya kai uku da rabi, kukansa ya dawo har maƙwabta suka fara ƙorafi, Inna Delu tana cewa duk aikin kununta ne.

Ranar ganin likita Hilda ta zo da safe don ta raka su, ta tsayar da mai Keke Napep a bakin layi, saboda lungun ba ya shiguwa. An yi wa yaro wanka, an shafa masa mai. Inna Delu ta yafa mayafinta na unguwa, ta ɗauko zanin goyo, ta sunkuya ta ce a ɗora mata angonta, kamar yadda aka saba.

"Inna, bari," in ji Fanta.

Ta karɓi zanin. Ta sunkuya, ta cilla yaron baya da hannu ɗaya, ta ja zani ta ɗaure a ƙirji, ta ƙara majanyi a ƙugu. Sannan ta wuce gaba, ta ratsa zaure ta fita layi, inda mai shago da tela da matan da ke layin famfo duk suke. Kanta a sunkuye yake, amma ba ta tsaya ba, hannunta ɗaya yana baya a ƙarƙashin yaron.

Tsohuwa da Sista suka biyo ta a baya. Inna Delu tana ta mita, wai ɗaurin ya yi tsauri, za a matse mata ango, a ce wa yarinyar nan ta ɗan sassauta.

"Ki faɗa mata da kanki, Inna. Ni yau bakina yana hutu."

Inna Delu ta ɗaga murya ta faɗa. Fanta ta ji, ta kai hannu ga ƙullin, ta taɓa shi, ta bar shi yadda yake.